Sharhin Bayan Labarai: Wa Ya Sayar da Hanyar Ruwa a Kafanchan?

Sharhinmu na yau a kan gini a hanyar ruwa ne, da dokar da ya kamata ta hana shi, a garin Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna.

A daminar 2024 hukumomin jiha sun bayyana cewa ambaliya ta raba mutane sama da 1,000 da matsuguninsu a Kafanchan da ƙauyukan ƙaramar hukumar Jema'a, yara biyu kuma suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Jami'ai sun zo sun jajanta, an yi alkawarin tallafi, an kuma ja kunnen masu zama a bakin rafi da su tashi. Jaje ya dace, tallafi ma ya dace. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba idan ruwa ya janye: ranar da aka haƙa harsashin gidan nan da ya faɗi, wa ya sayar da filin, wa ya sa hannu a takardar ciniki, wa kuma ya ga ana ɗora bulo bai ce uffan ba?

Sai mun fahimci irin ruwanmu kafin mu yi maganar doka. Kafanchan tana zaune ne a gindin duwatsun Kagoro, a gefen tsaunukan Filato, cikin yankin da ya fi yawancin arewa samun ruwan sama, daga watan Afrilu har zuwa Oktoba. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nitsewa. Gangarowa yake yi da gudu, ya taru a ƙoramu, ya faɗa rafuka, ya bi ta kwari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban magangarar ruwan Matsirga a watan Agusta ya ga ƙarfin abin da idonsa. Ambaliyar Lakwaja ko Makurɗi wani abu ne daban: can kogi ne babba ke cika sannu a hankali, ana sanar da mutane cewa Kamaru za ta saki ruwan madatsar Lagdo, mutum ya sami kwanaki yana kwashe kayansa. Mu a nan ruwa na iya kwana yana zuba a kan dutse, kafin asuba ya shigo ɗaki. Haka aka gani a Jos a watan Yulin 2012, lokacin da ruwa ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo cikin dare, mutane sama da 30 suka mutu, yawancinsu a gidajen da ke manne da rafi. A irin wannan ƙasa gargaɗin rediyo ba ya riga ruwa isowa. Abin da ke ceton rai shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin kwana da bakin rafi, ita kuwa tazarar ranar gini ake yanke ta.

Mutanen da sun san wannan. Dubi tsofaffin matsugunan Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro: a tudu suke, wasu ma a kan dutse. Fadama ta shinkafa ce da rake da gwaza da lambun rani. Da layin dogo ya iso a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, aka dawo da fadar masarautar Jema'a nan a 1933, garin ya riƙa cika da baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Duk da haka tudu ya ishi kowa na tsawon shekaru. Yanzu bai isa ba. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga asibitin da gwamnatin tarayya ta amince a 2025 ya zama cibiyar lafiya ta tarayya. Kowannensu alheri ne, kowannensu kuma yana jawo masu neman ɗakin haya. Ga mutanen ƙauyuka da hare-hare suka koro, waɗanda suka shigo gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Ga kuma abin da ba mu son faɗa: rikice-rikicen da garin ya sha, musamman na 2011, sun sa iyalai da dama sun bar unguwannin da aka haife su, sun nemi fili inda suke ganin za su yi barci da ido biyu a rufe. Wanda tsoro ya koro ba ya tsayawa tambayar ina ruwa ke bi. Fili a tudu ya yi tsada, na kwari kuwa araha, sai talaka ya gangara.

Yadda cinikin ke tafiya kowa ya sani. Iyali suna da gonar gado a bakin rafi. Bukata ta taso, ko magada sun yi yawa, sai a kira mai awon igiya ya yanka ta fuloti-fuloti, ba a bar titi na kirki ba, balle hanyar ruwa. Dillali ya kawo mai saye a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, rafin ya zama siririn zare. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a kai wa mai unguwa ya buga hatimi. Mai saye ya tara kuɗin bulo na shekara da shekaru, ya yi ɗaki biyu, ya rufa kwano, ya tare da iyalinsa. A duk wannan tafiya babu inda ya haɗu da dokar tsara gari. Ranar da zai fara haɗuwa da ita, ita ce ranar da zai tashi ya ga jan fenti a bangonsa.

Alhali dokokin suna nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsu. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta ce kada a yi gini sai da izini. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan babu wanda zai ɗora wa Abuja wannan laifi. Magana ce ta Kaduna da Kafanchan. A 2009 an fitar da ƙa'idojin muhalli na tarayya masu kare fadamu da gaɓar koguna da tafkuna. A jiha muna da KASUPDA mai ba da izinin gini, muna da KADGIS mai rajistar filaye, a 2021 kuma gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta kafa wa Kafanchan hukumar kula da birni tata ta kanta, tare da na Kaduna da Zariya. Kowace shekara kafin damina NiMet na fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa.

To me ya rage? Layi ya rage. Hasashen NIHSA zai gaya maka ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari, amma ba zai gaya wa malamin makarantar da ke shirin sayen fili a bayan gari cewa wannan fulotin ruwa na kwanciya a cikinsa ba. Doka ta ce kada a yi gini a hanyar ruwa. Ina hanyar ruwan ta fara, ina ta ƙare? Muddin amsar tana cikin kan jami'i ɗaya ko cikin durowar wani ofis, to dokar ta zama abin ciniki: mai hali ya sasanta, marar hali a rushe masa. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne a fitar da layin nan fili, a dasa shi a ƙasa inda ido zai gani, tun kafin kuɗi su canza hannu.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ruwa yana barin shaida. Bayan kowace ambaliya akwai tabon laka a jikin bango, akwai leda da yayi da suka maƙale a rassan itatuwa, akwai inda gaɓa ta zabtare. Akwai dattawa a kowace unguwa da za su nuna maka da sanda inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. Tsangayar nazarin muhalli ta Jami'ar Jihar Kaduna a nan Kafanchan take, da ɗalibanta masu koyon zanen gini da sha'anin filaye, waɗanda kowace shekara suke neman abin da za su yi bincike a kai. A haɗa su da safiyo na gwamnati da hotunan sama da KADGIS ke aiki da su, a bi rafukan garin ɗaya bayan ɗaya. Abin da za a fitar shi ne taswira mai launi. Ja ita ce inda ruwa ke gudu da ƙarfi: ba ɗakin kwana, ba makaranta, ba asibiti, ba katanga, ko da na wane ne. Rawaya ita ce inda ruwa ke malala ya kwanta: a yi gini, amma da sharaɗin ɗaga daɓen ɗaki sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a yi harsashi da dutse da siminti, a nisanta masai da rijiya daga gangare, a bar wani ɓangare na tsakar gida ba siminti domin ƙasa ta sha ruwa. Sauran gari kuma ya bi ƙa'idar da aka saba.

Taswirar da ta tsaya a kwamfuta ba ta amfani manomi da komai ba. A kafa turakun kankare masu jan kai a bakin layin, kamar yadda hukumar jiragen ƙasa ta yi wa filayenta alama tun zamanin Turawa. A manna taswirar a sakatariyar ƙaramar hukuma, a fadar Sarkin Jema'a, a fadar Agwam Fantswam da ta Tum Nikyob, a ƙofar gidan kowane hakimi da dagaci da mai unguwa. A karanta ta a masallaci ranar Juma'a, a coci ranar Lahadi, da Hausa da harsunan yankin. Daga ranar kuma, duk mai unguwar da ya buga hatimi a cinikin filin da ke cikin ja, shi ma ya amsa tambaya; duk wanda ya sayar, a tilasta masa mayar da kuɗin mutane; duk jami'in da ya sa hannu a izinin gini a wurin, a san sunansa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar, domin a ƙasar nan hukunci kan mai saye kaɗai yake sauka, alhali shi ne mafi ƙarancin sani a cikinsu. A Faransa, tun 1995 doka ta tanadi irin wannan taswira ta haɗari ga garuruwa. A watan Fabrairun 2010 guguwa ta turo ruwan teku cikin dare ya afka wa wani ƙaramin gari mai suna La Fot-sur-Mer, mutum 29 suka mutu, da yawansu tsofaffi, a gidaje marasa bene da aka ba da izinin ginawa a cikin kwari a bayan shingen ruwa. Gwamnati ta sayi ɗaruruwan gidaje a wurin ta rushe su. Ba a tsaya nan ba. An gurfanar da magajin garin a gaban kotu, a 2014 aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu. Kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta hukuncin daga baya, amma ta tabbatar da laifin. Duk magajin gari a ƙasar ya ji wannan labari, ya kuma san hannun da ya sa a takarda zai iya binsa har gida.

Kada kuma a ɗauka talaka ne kaɗai ke tare wa ruwa hanya. Ɓarnar mai kuɗi ta fi tasa girma. Talaka ya gina ɗaki a kwari, ruwa ya zo ya cinye shi, asararsa ce shi da iyalinsa. Mai hali kuwa ya sayi kwarin nan, ya kawo tifa-tifa na jar ƙasa ya cike shi, ya ɗaga shi sama da titi, ya zagaye da katanga mai ƙarfi, ya kafa gidan mai ko otal ko ɗakin taro. Shi kam ya tsira. Ruwan da ke kwanciya a wurin tun kaka da kakanni sai ya koma gidajen maƙwabta, waɗanda shekara talatin ba su taɓa ganin ruwa a ɗaki ba. Wannan zalunci ne, ko da mutum yana riƙe da takardar mallaka mai hatimin gwamna. Haka wuraren ibada, haka gine-ginen gwamnati ita kanta. Dokar da ta rushe ɗakin bazawara ta ƙyale katangar attajiri ba za ta sami mutuncin kowa ba.

Akwai kuma kwalbati. A daren 28 zuwa wayewar 29 ga Mayun 2025 ruwa ya share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na Jihar Neja, mutane sama da 150 aka tabbatar sun mutu, wasu har yau ba a gansu ba. Rahotanni sun nuna ruwa ya taru ne a bayan tudun layin dogo, kwalbatocin da ya kamata ya wuce ta ciki sun toshe, har tudun ya ɓalle ya sako shi gaba ɗaya a kan mutane. Kafanchan garin layin dogo ce, layuka uku suka haɗu a cikinta, jirage kuma sun daɗe ba sa zirga-zirga kamar da. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wa ke leƙa ƙarƙashin waɗannan tudun kafin damina? Sababbin titunan da aka shimfiɗa a garin ƙarƙashin shirin sabunta birane sun zo da lambatu masu kyau, muna godiya. Sai dai lambatu yana tattara ruwa ne ya ƙara masa gudu, don haka tilas a bi shi har inda ya zubar. In a bayan gidan wani yake ƙarewa, aikin bai kammala ba. Mu kanmu masu zuba shara a magudana da dare muna da namu kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne.

Saura magana mafi nauyi, wato gidajen da aka riga aka gina. A nan muke roƙon hukuma ta yi taka-tsantsan. Kafanchan gari ne da maganar fili ke saurin zama maganar ƙabila da addini. Ranar da katafila ta shiga wata unguwa ba tare da an ga ma'aunin da aka bi ba, kafin la'asar labari ya zama an zo korar su wane. Taswirar da aka zana a bainar jama'a, da dattawan kowane ɓangare a tsaye, ita ce kariya daga wannan fitina, domin kowa zai ga layin ya bi rafi ne, ya ratsa unguwar Musulmi ya ratsa ta Kirista ba tare da ya karkace ba. A fara da hana sabon gini, wannan ba ya bukatar rushe ko bulo ɗaya. Sannan a ƙidaya gidajen da ke cikin ja, a soma da waɗanda ransu ya fi shiga haɗari. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a a sashe na 28, ta kuma tanadi diyyar abin da aka gina a sashe na 29. Wanda ba shi da takardar gwamnati amma ya saya da shaidu da hatimin mai unguwa, bai kamata a kore shi hannu rabbana ba. Tsarin da muka zuba wa ido ne ya yaudare shi.

Kuma a ba mutum inda zai koma na gaske. A Yamai, bayan ambaliyar kogin Kwara ta 2012, hukuma ta kwashe iyalai daga bakin kogi zuwa wani wuri da ake kira Seno a bayan gari. Da yawansu sun dawo inda ruwa ya kore su, saboda sabon wurin ya yi nisa da abin da suke ci da shi, kuma abubuwan more rayuwa ba su wadata ba. Mai sayar da ƙosai a bakin kasuwar Kafanchan, in ka kai ta jeji ba ruwa ba hanya ba makaranta, za ta dawo kwari ta kama haya, ba kuma don taurin kai ba. Fuloti ƙanana masu araha a tudu, kusa da gari, da titi da rijiyar burtsatse, da biya kaɗan-kaɗan, su ne rabin dokar. Jiha da ƙananan hukumomi suna karɓar kasonsu na asusun kula da muhalli daga asusun tarayya. Jama'ar Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga suna da haƙƙin tambayar shugabanninsu nawa ya shigo, me aka yi da shi.

Filin da aka tashi mutane daga kansa kuma kada a bar shi kango, domin kangon fili a cikin gari ba ya daɗewa bai sami mai shi ba. A mayar da shi ga masu lambun rani da yarjejeniya a rubuce cewa noma kaɗai aka yarda, a dasa gora da mangwaro su riƙe gaɓa, a yi wa matasa filin ƙwallo. Su waɗannan masu amfana su ne za su fara kai ƙara ranar da wani ya sauke tifar yashi.

Masu sauraro, kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunku. Kai mai shirin sayen fili, kada ka biya kuɗi da rani. Ka koma ka ga wurin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka dubi bangon maƙwabta, ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar, ka je ofishin tsara gari ka nemi a rubuta maka amsa kafin ka sayi bulo. Ku iyayenmu masu unguwa da dagatai, ku kun san inda ruwa ke bi fiye da kowane injiniya, don Allah ku riƙe hatiminku idan aka kawo muku takardar kwari. Ga gwamnatin Sanata Uba Sani da shugabannin ƙananan hukumomin kudancin Kaduna kuwa, roƙonmu shi ne a fara da Kafanchan: a zana layin rafukan garin a wannan ranin, a kafa turakun, a manna taswirar inda kowa zai gani kafin ruwan farko na Afrilu ya sauka.